Abin da kukan famfon mai ya koya mini a kan babur mai ƙafa uku

Famfon mai na lantarki ba ya aiki shiru. Ko sabo ne fil daga kwali, idan ka murɗa makulli za ka ji ya yi ɗan zuuu na daƙiƙa biyu ko uku, ya cika layin mai, sannan ya tsaya yana jiran a tayar da inji. Wannan ne abu na farko da ya zauna mini a kai a gyaran babura masu ƙafa uku, domin da yawa daga cikin masu zuwa da ƙorafin ƙara, lafiyayyen famfo suke ji. Galibinsu sun saba da injin kafireta, wanda ba shi da famfon lantarki a cikin tanki, sai suka sauya zuwa mai injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai, kunnensu ya ci karo da sautin da bai sani ba. Tun da dokar hayaƙi ta BS6 ta fara aiki a Indiya a watan Afrilun 2020, kamfanoni irin su Bajaj da Piaggio suka koma sa injekta a masu shan fetur da suke ƙerawa domin kasuwar can. Manyan na yawon shaƙatawa kuwa, irin Can-Am Spyder da ya fito a 2007 da Tri Glide na Harley-Davidson da ya biyo baya a 2009, dama da injekta suka zo. Duk waɗannan suna buƙatar mai ya isa injekta da matsi, kuma famfon da ke nutse cikin tanki shi ke wannan aiki.

Saboda haka idan aka ce mini famfo yana kuka, ba na fara ɗaukar sufana. Tambaya nake fara yi. Yaushe yake yi, da sanyin safiya ko bayan an daɗe ana tafiya? Tanki a cike ko ya yi ƙasa? Sautin yana hawa idan an ja totur? Yana canzawa a kwana? Injin yana sarewa a hawa ko da kaya? Ubangidana da ya koya mini aiki yakan ce, "Yaro, mai babur ya fi ka daɗewa da wannan ƙarar, bar shi ya gama magana." Na ga gaskiyar wannan sau da yawa. Amsoshin nan sukan rage rabin aikin tun kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Tambayar totur ita ce mai raba gardama. Famfon yawancin waɗannan baburan gudu ɗaya yake yi, ko inji na silo ko yana wuta, don haka sautinsa a miƙe yake. Kukan da ke hawa da sauka tare da juyawar inji ba nasa ba ne, a nemi boris ko ɓangaren caji ko sarƙar cikin inji. Wanda ke hawa da gudun taya, ya ɓace idan an tsaya, daga giya yake ko aksul ɗin baya ko bel. Wanda ke zuwa ya tafi da kansa idan inji ya yi zafi, sau da yawa fankar lagireto ce. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a kashe inji gaba ɗaya, a cire rile na famfo, wato ɗan makunnin da ke sakar masa wuta, a ba famfon wuta kai tsaye ta gurbinsa. Nan babu abin da ke motsi sai shi kaɗai. Sai na ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin tanki, na kafa kunne a kan mariƙinta. Idan ƙarar da mai babur ke nufi ba ta bayyana a nan ba, to mun wanke famfo, mu koma wani wuri.

Idan kuwa shi ne, darasin da ya fi kowanne tsaya mini shi ne cewa famfon da ke kuka sau da yawa ba shi ne mai laifi ba, wahala ake ba shi. Man da yake turawa shi ne ke ratsa cikinsa ya sanyaya ƙaramin motarsa, ya kuma zame masa man shafawa. A ƙasansa akwai 'yar rariya mai laushi da ke tare datti kafin ya shiga. Da zarar rariyar nan ta toshe, famfo zai yi ta zuƙa mai bai ishe shi ba, matsi ya faɗi a bakin shiga, fetur ya fara tashin kumfa, kumfar tana fashewa a jikin 'yar farfelar da ke juyawa. Abin da kunne ke ji shi ne ƙara mai tsini, wani lokaci da ɗan kaushi a ciki kamar akwai yashi. Halinsa ɗaya da mutumin da aka toshe wa hanci aka ce ya yi gudu.

Akwai wani babur da aka taɓa kawowa bayan an riga an canza masa famfo a wani wuri, amma kukan ya dawo ba da daɗewa ba. Da muka zaro famfon, rariyar da ya kamata ta zama fara ta koma ruwan ƙasa, ta lafe kamar an danne ta. Na goga yatsa a kanta, wani gari ja mai laushi ya biyo ni. Muka tsiyaye sauran man cikin kwalba mai haske, muka ajiye ta ta natsu. Can ƙasa sai ga layin ruwa ya kwanta daban, fetur na samansa. Na haska tocila cikin tankin, gindinsa duk tsatsa ta ci. Mai babur ya ce, "Malam, ai famfon sabo ne." Na nuna masa yatsana na ce masa sabo ne, amma a tsohon datti aka tsoma shi. Ruwa kan shiga tankin ƙarfe ta raɓar da ke taruwa a sararin da babu mai, ko ta murfin da robarsa ta mutu, ko tare da man da aka sha. Fetur mai haɗin etanol kuma yana jan danshi daga iska idan babur ya daɗe a ajiye. Muka wanke tankin, muka sa sabuwar rariya da filta, famfon nan dai da aka zarga ya koma sautinsa na asali.

Wani abu da ya keɓanta da mai ƙafa uku, wanda wanda ya taso a gyaran mai ƙafa biyu ba lallai ya lura da shi ba, shi ne maganar kwana. Babur mai ƙafa biyu yana kwantawa idan zai sha kwana, don haka man cikin tanki yana nan zaune a gindinsa. Mai ƙafa uku a tsaye yake shan kwana, sai man ya kwashe gaba ɗaya ya koma gefen waje. Idan tanki ya yi ƙasa, bakin rariya yakan fito sarari na ɗan lokaci, famfo ya zuƙi iska, sautin ya tashi sama, wani lokaci inji ya yi ɗan tari sannan ya dawo daidai. Shi ya sa idan mutum ya ce mini a kwana kawai yake ji, ko lokacin taka burki da ƙarfi, abin da nake fara tambaya shi ne yawan man da ya saba yawo da shi. Ina jin zafin wannan al'amari sosai, domin wanda ke yawo kullum da ɗan mai a gindin tanki yana gajarta ran famfonsa bai sani ba. Ɗan mai kaɗan saurin ɗaukar zafi yake yi, mai zafi kuma ya fi saurin tashin kumfa. Wannan ne dalilin da ya sa wasu famfunan suke shiru da safe, su fara kuka bayan tafiya mai nisa. Ni dai shawarata kada a bar tanki ya riƙa sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai hanyar shaƙar iska ta tanki, wadda gwajinta bai kai minti ɗaya ba amma ana yawan tsallake shi. Duk man da ya fita, dole iska ta shigo ta maye gurbinsa. Idan ɗan tiyon iskar ya lanƙwashe ko ƙura ta toshe shi, tanki zai riƙe kansa, famfo yana ja, tanki yana ja. A lokacin da kukan ke tashi, a buɗe murfin tanki a hankali. Idan ka ji iska ta faɗa ciki da shuuu, kukan kuma ya lafa nan take, ka samo bakin zaren.

Ɓangaren wuta shi ne inda na fi daɗewa kafin na saba, domin ido ba ya ganin matsalarsa. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, idan yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Abin da ya dame mu shi ne nawa ne ke isa bakin famfon a lokacin da yake juyawa. Dole a auna yana aiki, domin wayar da ta kusa tsinkewa ko soket mai tsatsa za su nuna cikakkiyar wuta idan babu abin da ke ja, sai an ɗora musu nauyi asirinsu ya tonu. Idan bambancin batir da bakin famfo ya wuce rabin volt, akwai inda wuta ke zubewa, ko a rile, ko a gurbin fis, ko a wayar at da ke komawa jikin bodi. Na sha ganin soket ɗin saman tanki da fil ɗinsa ya yi kore, robar gefensa ta narke ta yi baƙi saboda zafi. Famfon da wuta ba ta isa ba sautinsa ƙasa-ƙasa yake yi, yana rawa, kuma za ka ji ya canza idan aka kunna babbar fitila ko sigina. Wannan canjin shi kaɗai ya isa ya tura ni wurin wayoyi.

Duk da haka kunne iyakarsa zato, gani ya kori ji. Gejin auna matsin mai shi ke yanke hukunci. Yawancin waɗannan injuna suna aiki ne da matsin mai tsakanin bar 2.5 da bar 4 (bar shi ne ma'aunin matsi), kowane da adadin da kamfaninsa ya rubuta a littafin gyara, kuma littafin ake bi. Abu uku nake kallo a allurar gejin. Na farko, ko ta hau da sauri ta tsaya inda ya kamata lokacin da aka murɗa makulli. Na biyu, ko tana tsayawa da ƙafarta idan aka ja totur da ƙarfi, domin famfon da ya gaji ko filtar da ta toshe sukan riƙe matsi a silo, su saki da zarar inji ya nemi mai da yawa. Na uku, bayan an kashe inji, ko tana riƙe matsin na wasu mintuna ko tana zubewa nan da nan. Idan ta zube, ko dai bawul ɗin da ke hana mai komawa baya ya mutu, ko na'urar daidaita matsi tana yoyo, ko injekta na ɗiga, ko kuma ɗan guntun tiyon da ke cikin tanki ya tsage.

Wannan guntun tiyo ya cancanci a tsaya a kansa. Yana nutse cikin fetur ciki da waje, don haka ba kowane tiyon mai ne zai zauna a wurin ba. Akwai nau'in da aka yi musamman domin nutsewa, mai lambar SAE J30R10. Idan aka sa na gama-gari, bayansa zai kumbura ya yi laushi har ya dare. Mai zai riƙa fesowa ya koma cikin tanki ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba, famfo ya yi ta gudu babu hutawa, injin kuma yana fama da ƙishirwa. Daga waje alamunsa iri ɗaya ne sak da na mataccen famfo.

Akwai kuma lokacin da komai lafiya, matsi daidai, wuta daidai, amma ƙarar ta cika kunne. A nan robar da famfo ke zaune a kai nake dubawa. Idan ta bushe ko ta zame, jikin famfo zai taɓa ƙarfen tanki, tankin kuma ya ƙara wa sautin amo, musamman idan babu mai da yawa a ciki. Haka layin mai da ke gogar bodi. A masu rumfa da kujerar baya, inda tanki ke kusa da fasinja, ƙaramin abu irin wannan yakan zama babban ƙorafi.

Ba ina cewa famfo ba ya mutuwa ba. Yana mutuwa. Burushin kabon da ke cikinsa suna cinyewa, wurin da suke goga yana zaizayewa, farfelar tana sakin jiki. Alamarsa ita ce an tabbatar rariya a buɗe take, filta sabuwa, iska na shiga tanki, wuta cikakkiya, amma har yanzu matsi bai kai ba ko sautin yana kartar kunne. Wani ma sai an ɗan bubbuga gindin tanki kafin ya tashi. Irin wannan ba na jinkiri a kansa, kuma ba na ba mai shi shawarar ya lallaɓa, domin ranar da zai tsaya ba ya sallama, yana iya zama a tsakiyar titi da mutane a baya.

Idan za a canza, rariya da filta da robar bakin tanki duk tare suke tafiya, kuma sai an leƙa cikin tankin an wanke shi. Kafin a taɓa kowane tiyo, a sauke matsin layi tukuna: a cire fis ko rile na famfo, a bar inji ya cinye abin da ya rage ya mutu da kansa, sannan a cire wayar batir ta nagetif. A yi aikin a inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da mai shan taba, da abin kashe gobara a kusa, kuma kada a gwada famfo a busasshe a wajen tanki, domin tartsatsi ɗaya ya ishi tururin fetur. Bayan an haɗa, a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayar da inji ba domin layi ya cika, a bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma a ga ko akwai yoyo, sannan a sake ɗaura geji a rubuta adadin da sabon famfon ya bayar a takardar aikin babur ɗin, domin da shi za a gwada idan ya sake dawowa da wata ƙarar.