Kafin ki biya kuɗin tangaran na gwanjo, juya gindinsa

Ƙannena masu son shiga harkar tangaran na gwanjo, musamman ku da kuke saro kaya kuna sakawa a status, dan Allah ku daina sayen labarin mai kaya. Ni kuɗin adashina kacokan na taɓa zubewa a kan wani dina set a nan Bauchi, mai furanni ja da ruwan gwal a baki, saboda mutumin ya rantse min wai daga gidan wata tsohuwar baturiya aka kwaso shi a Ingila, ko juya faranti ɗaya ban yi ba, sai da na kai gida yayata ta sa farce ta kankari tambarin ya ɓare. Tambarin gaske gasa shi ake yi a jikin farantin, farce ba ya ɗaga shi.

Toh gindin nan shi ne katin shaidarsa. In kin ga an rubuta ana iya sa shi a microwave ko injin wanke-wanke, kar wani ya ce miki kayan kaka da kakanni ne, na zamanin nan ne. Mai "West Germany" tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi. Mai "Czechoslovakia" bai wuce 1992 ba, daga nan ƙasar ta rabe biyu. Mai "Occupied Japan" na bayan yaƙin duniya na biyu ne, zuwa 1952. Irin wanda na saya kuwa kwaikwayon zanen Old Country Roses ne na kamfanin Royal Albert, wanda shi kansa na asalin a 1962 ya fito, kuma an buga shi da yawan gaske, kinga ko na gasken ne ba wani abin da babu irinsa ba ne, balle jabu.

Sai ki kunna tocilan waya ki haska ta baya. Bone china, wanda ake haɗawa da tokar ƙashin shanu, haske na ratsa shi har ki ga inuwar yatsunki, mai kauri kuwa shiru. Ki ɗora shi a tafin hannu ki ƙwanƙwasa bakin da farce, lafiyayye zai yi ƙara siririya mai ɗan jan lokaci, mai tsaga a ɓoye ƙararsa a dushe take, ko da idonki bai ga komai ba. A kasuwar Wunti da hayaniya sai kin kai shi kusa da kunne, kar ki ji kunyar mai shago wallahi. Wanda ƙyallinsa ya yi tsage-tsage kanana kuma na kwalliya ne kawai, a bar shi a kabet, miya da mai shiga ciki suke yi.

Wautata ta biyu farashin intanet. Sai in ga wani ya sa irin kofina a shafin saye da sayarwa na eBay da daloli in ta lissafin riba, ashe abin da ya nema ne, ba abin da aka saya ba, akwai wajen duba waɗanda aka riga aka sayar, can za ki ga gaskiya. Kuma kwastomarki tana Yelwa ko Fadaman Mada, cikakken set take so na jere, butar shayi babu murfi ko kyauta da ƙyar ta karɓa.

Abin haushin, da can ko kallon masu nauyi ruwan ƙasa ba na yi, sai farare masu fure. Alhali Ladi Kwali da ke bayan naira 20 irin su ta riƙa yi, a cibiyar tukwane da wani bature maginin tukwane Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta shiga a 1954, kuma aikinta har gwanjonsa ake yi a Landan da tsada. Kayanta da zanen ƙadangare ko kifi ko kada a jiki, a ƙasa kuma LK da hatimin Abuja da haruffan ajami. In kin ci karo da irinsa kar ki goge shi da soson ƙarfe, ki ɗauki hoton gindin da kyau ki nuna wa wanda ya san harkar kafin ki faɗi kuɗi.