Ni da Kaka a kar ɗin Yamai

Talata, bayan isha'i

Yanzun nan na watsa ruwa na zube bisa tabarma, jikina kamar an daka ni a turmi. Kilomita wajen 660 a zaune daga Yamai zuwa Maradi ba wasa ba ne. Amma bari in rubuta wanga kahin barci ya kwashe ni.

Duk wanda ya san ni ya san ba ni son tahiya da kowa. Aikin haɗa sola yana kai ni Yamai lokaci lokaci, kuma kullum ni ɗaya nike zuwa, jaka a cinya, waya a hannu, in ci abin da na ga dama in yi barci sanda na ga dama. Ba haka kawai na zama haka ba. Bara na yi kuskuren tahiya da wani abokina, mutumin kirki ne wallahi in a majalisa ne, shi ke dahwa mana shayi ma, amma a hanya? Tun daga Tibiri ya hwara mita, kujera ta matse shi, direba bai iya ba, ara min sharjer, ara min dala ɗari zan ba ka in mun isa, da munka tsaya Ƙwanni kuwa sai ya ɓace, direba na ta oda mutane na ta harara ta kamar ni na haihe shi, ashe yana can bayan tasha yana cinikin takalmi. Malamai sun ce ba ka san mutum ba sai kun yi maƙwabtaka ko hulɗar kuɗɗi ko tahiya. To ni rana guda na haɗa biyu.

Shi ya sa jiya da Inna ta kira ni ta ce in taho da Kaka sai da gabana ya hwaɗi. Kaka ta je suna gidan Yaya a Yamai ne tun sati ukku, ta ƙi dawowa wai sai ta ga cibi ya warke. Na ce Inna ba wani mai tahowa? Ta ce kai ne mai tahowa. Shike nan, magana ta ƙare.

Tun kahin asuba muna tasha. Kayanta ƙulli huɗu da bokiti da wata ƴar kula, ni kuwa jaka ɗaya. Tana ganin na ɓata rai ta ce "haba mai gidana, tun ba a ɗaura ba ka hwara gajiya da kayan amarya?" Ƴan kamasho sunka kwashe da dariya. Ga shi an kunna kilim, ni ina jin daɗi ita tana ƙudundune cikin mayahi biyu tana cewa an sa mu a hirijo kamar kihi.

Ban san sanda barci ya ɗauke ni ba, Kure ma inda raƙuman dawa suke ban gani ba. Kuma nan ne abu na hwarko da na lura. In ni ɗaya ne ba na barcin kirki a mota, igiyar jaka na naɗe a hannu, ido ɗaya a buɗe, wani ya gitta in zabura. Yau kam har da minshari in ji ta. Na hwarka na tarar ta ɗora jakata bisa cinyarta ta dahe da hannu tana jan carbi.

Gab da Doso aka ce kowa ya sauka da kat ɗinshi. Na laluba aljihun riga babu. Na wando babu. Zuhwa ta karyo min duk da sanyin nan. Ita kuwa tana kallona ba ta ce uffan ba sai da na zazzage jaka, sannan ta kwance haɓar zane ta miƙo min, wai tun ina barci ya zame ƙasan kujera. Na ce Kaka don Allah me ya hana ki hwaɗa tun ɗazu? Ta ce "ina son in ga iyakar wayon ƴan lakwal."

Amma kada in yabe ta da yawa, don tana da nata. Kahin mu kai Dogon Dutsi duk rabin motar nan na baya sun san shekaruna, sun san ban yi aure ba, sun san ina yaro har na shiga lakwal ina tsoron akuya. Ta ƙulla ƙawance da wata mata ƴar Tasawa da ke gabanmu, suna ta musanyar goro da labarin jikoki, can na ji matar na cewa ai tana da ɗiya ta gama makaranta. Na toshe kunne na juya wajen taga ina kallon duwatsun nan ja masu shimhiɗaɗɗen kai kamar ban taɓa ganinsu ba.

A Ƙwanni anka tsaya cin abinci da salla. Nan ma in ni ɗaya ne, wahala ce ƙarama amma mai cin rai, ka shiga ban ɗaki da jaka rataye a wuya, ka yi alwalla kana riƙe ta da gwiwa, ka yi salla tana gabanka rabin hankalinka na kanta. Yau na aje mata komai na tahi hannu sake, na dawo ita ma ta tahi. Na ce bari in sayo mana shinkahwa, ta ce in zauna. Ashe kular nan da nike ta tsaki a kanta dambun zogale ne da ƙuli, ga hura a gora, ga dabino. Har wani ɗalibi da ke gehenmu wanda tun sahe ban ga ya sa komai a baki ba ta tura mishi kwano, ta ce "ɗan nan taya mu, ya yi mana yawa", alhali bai yi yawa ba, ta dai rage nata ne. Awa nawa ina zaune kusa da yaron nan ban lura ba.

Daga nan sai hanya ta miƙe, Tsarnawa inda ake ratsewa zuwa Tawa, Malbaza da izin ɗin siminti, sai Galmi. Ai kuwa ba a wuce Galmi da tsohuwa a mota ba a sayi albasa ba. Motar ba ta ma tsaya da kyau ba ta leƙa, mai albasa ya ce jikka ukku, ta ce kai ɗan nan ka ji tsoron Allah ni da nike sayen albasar Galmi tun ba a haihi uwarka ba, aparanti na ta buga mota, ita ko a jikinta, da jikka biyu ta raba shi da ƙaramin buhu. Wa zai ɗauka? Mai gida mana.

Abin da ya hi tsaya min a rai bayan Madawa ne. Rana ta yi sanyi, mota ta yi tsit, kowa ya gaji. Na zaci yanzu za ta dawo kaina da zancen aure. Ba ta yi ba. Ta yi shiru tana kallon gonaki, ni ma na yi shiru, munka yi wajen awa guda haka ba wanda ya takura. Abokin nan nawa na bara ko minti biyar ba ya iya rihe baki, in ka yi shiru sai ya ce hushi kake. Sai wajen Gidan Rumji ta ce, ba tare da ta juyo ba, zuwanta Yamai na hwarko a bayan babbar mota ne bisa buhunan gyaɗa, ita da marigayi, kwana sunka yi a hanya, shi ya cire rawaninshi ya rihe mata huska saboda ƙura. Daga nan ba ta ƙara ba. Ni kuma ban tambaya ba, duk da ban taɓa jin ta kira zancenshi haka ba.

Mun shigo Maradi ana kiran magariba. Na tsaida adaidaita, munka loda ƙulli huɗu da bokiti da kula har Bagalam, buhun albasar ne bai samu wuri ba sai na ɗora shi a kabu-kabu na wuto da shi gidanmu. Da zan tahi ta kamo hannuna ta danƙa min wata ƴar takarda a nannaɗe, na zaci kuɗɗi ne har na hwara cewa a'a Kaka bar shi. Lambar matar Tasawa ce. Inna ta yi dariya har da hawaye da na nuna mata.

Wata mai zuwa ina da wani aikin a Yamai, kuma ina jin ni ɗaya zan koma, halina ne. Sai dai tun yanzu ina tunanin wa zai riƙe min jaka a Ƙwanni. Albasarta na nan zaure ta cika gidan da wari, gobe kahin in wuce aiki sai na kai mata, in ba haka ba ta aiko a ce mai gida ya ci amana.