Daga Porto zuwa Santiyago ta bakin teku

Ni ba Kirista ba ne, ƙwaɗayin tarihi ne ya sa na bi sahun masu ziyarar kabarin Yakubu, almajirin Annabi Isa (AS), daga Porto a Fotugal zuwa Santiyago a Sifaniya. Tafiyar ƙasa ce ta kusan kilomita 270, teku na hagunka, kana bin kibiyoyi ruwan ɗorawa da aka zana a bangaye da duwatsu.

Abin da na lura da shi, yawancin tsofaffin gine-ginen wannan gaɓa tsoro ne ya gina su. Kusan duk garin masunta da ka shiga akwai ganuwar dutse mai fuskantar ruwa, saboda 'yan fashin teku da sojojin maƙwabta. Majami'u kam akwai su. A ta Castelo do Neiva akwai rubutu a dutse na shekarar 862 da ya ambaci Yakubu, shaidar cewa sunansa ya daɗe da isowa nan.

A Viana do Castelo ana haye kogin Lima ta gadar ƙarfe da kamfanin Eiffel ya gina a 1878, motoci a sama, jirgin ƙasa a ƙasa. Iska ta kusa tafiya da hulata. Daga Caminha kuma kwalekwale ke tsallakar da kai kogin Minho zuwa Sifaniya.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne Oia. Gidan masu bauta ne na ƙarni na 12, an dasa shi dab da ruwa, gishiri ya ci bangonsa har ya yi baƙi-baƙi. Mutanen da suka keɓe kansu don addu'a su ne kuma ke gadin gaɓar da igwa, kuma a 1624 suka fatattaki jiragen Turkawa daga farfajiyar. Malamai da igwa, abin sai wanda ya gani!

Baiona ce garin da jirgin ruwan Pinta, ɗaya daga cikin jirage ukun da Kolombus ya jagoranta suka haye Atilantika, ya sauka ranar 1 ga Maris 1493 da labarin isarsu Amurka, kafin Kolombus kansa ya iso Sifaniya. Sun ƙera irinsa sun ɗaure a tasha. Na shiga ciki, bai fi tirela da rabi ba. Da ni ne aka ce in haye Atilantika a cikinsa, wallahi sai dai a nemi wani.