Lissafin Ka da Lissafin Takarda

Mutane da yawa da suka yi makaranta suna ɗauka cewa wanda bai iya karatu da rubutu ba, to lissafi ma ya fi ƙarfinsa. Ban yarda da wannan zato ba, kuma binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa makaranta ba ita ke dasa fahimtar adadi a zuciyar yaro ba, sai dai ta sauya mata siga.

A shekarar 1985, masu bincike Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa sakamakon aikin da suka yi da yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. Sun je musu a matsayin masu saye, yaran kuma suka amsa kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin daidai. Da aka ba su lissafin nan a takarda, lambobi tsura ba tare da ciniki ba, sai abin da suka ci ya faɗo zuwa kusan kashi 37. Wani daga cikinsu ya lissafa 35 sau 4 da ka, ya fara da 35 sau uku, wato 105, ya ƙara sauran har ya kai 140. Da aka miƙa masa fensir, sai ya bi ƙa'idar da aka koya masa a aji, ya rikita matakanta, ya rubuta 200, kuma bai ga wani aibu a amsar ba. Wannan ne ya fi damuna. A wurin talla yaron ya san girman abin da yake ƙirgawa, don haka amsar da ta kauce za ta tsaya masa a rai. A kan takarda kuwa alamomi kawai yake juyawa, babu abin da zai ankarar da shi.

Gaskiya yaran Recife biyar ne kacal, amma a 2025 Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun sami makamancin haka a wurin yara fiye da dubu da ke aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Sun kuma gano ɗaya gefen matsalar: ɗaliban da suka ƙware a lissafin littafi suna kasawa idan aka kawo musu shi da sigar ciniki.

Duk da haka, ba daidai ba ne a raina abin da makaranta ke bayarwa. A 2008 Stanislas Dehaene da abokansa sun nemi mutanen Munduruku na dajin Amazon, waɗanda kalmomin ƙirga a harshensu kaɗan ne, su nuna mazaunin kowane adadi a kan layi daga 1 zuwa 10. Suka bai wa ƙananan adadi fili mai faɗi, suka cunkushe manya a ƙarshe. Robert Siegler ya ga irin wannan a wurin ƙananan yara a Amurka, kafin su gyara bayan 'yan shekaru a aji. Ke nan sanin cewa tazarar 8 da 9 daidai take da tazarar 1 da 2 abu ne da ake koya. Haka ma sifili da matsayin lamba (wato yadda darajar lamba ke sauyawa bisa gurbin da aka rubuta ta), waɗanda suka taso daga Indiya, suka ratsa ta hannun malamai irin su al-Khwarizmi a Bagadaza, su ne ke bai wa mutum damar riƙe miliyan da biliyan, adadin da ido bai taɓa ƙirga su ba, ya kuma bar lissafinsa a rubuce domin wani ya duba.

Abin da nake so malamai su yi ba mai tsada ba ne. Kafin ɗalibi ya ɗora alƙalami a takarda, a tambaye shi kimanin nawa yake tsammanin amsar za ta kai, a kuma saurari hanyar da ya bi da ka, ko da ta saɓa wa ta littafi. Yaron da ya riga ya faɗa da bakinsa cewa 35 sau 4 bai kai 150 ba, zai tsaya ya sake dubawa idan hannunsa ya rubuta 200.