Takardar gwajin Baba

Wata takwas ke nan muna kai Baba wankin ƙoda, sau biyu a mako saboda aljihu, ko da yake uku likita ta so. Awa huɗu yana kwance, allura biyu a hannu, jini na zagaya inji, ni ina gefe riƙe da hularsa.

Ranar Talata aka kawo sakamakon gwajin kitsen jini. Da na ga kolestirol ya sauka sai murna ta kama ni, na ce, "Baba, kun ga amfanin barin man shanu?" Likita ta girgiza kai. Ta ce ga mai wankin ƙoda, faɗuwar kolestirol sosai kan zama alamar rama da rashin cin abinci. Abin da ya hau a jininsa wani kitse ne daban, tiraigilisarayid, mai amfanin kuma, HDL, ya yi ƙasa. Wai idan ƙoda ta gaza, sinadarin da ke kwashe maiƙo daga jini sanyi yake yi, zuciya ce ke ɗaukar nauyin.

Jikina ya mutu. Ni ce fa na hana shi ƙwai da nama tun azumi, a zatona gata nake yi masa.

Maganin rage kolestirol kuwa, tunda bai sha ba kafin ya fara wanki, ta ce ba za ta ɗora shi yanzu ba.

Jiya na dafa masa farin ƙwai uku. Ya cinye tas, sannan ya ce gishiri ya yi kaɗan.