A ido gini ɗaya ne, a ciki huɗu ne

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, kuskuren da ya fi cinye mini lokaci a wannan harka shi ne zaton cewa abin da aka rubuta da C# ko Java zai tashi a kowace na'ura. Abin da kuka rubuta da hannunku zai tashi, ba musu. Amma laburaren rumbun bayanai irin SQLite da C aka rubuta shi, kuma da zarar an harhaɗa shi ya zama umarnin furosesa (ƙwaƙwalwar na'ura) iri ɗaya tak. Wanda aka harhaɗa wa furosesa irin x86_64 ba ya jin yaren furosesa irin arm64. Abin da ake kira gini ɗaya kunshi ne kawai, da kwafi daban na kowace furosesa a cikinsa, da wata dabara da ke zaɓar wanda ya dace.

A Windows, sigar 1.0 ta System.Data.SQLite, laburaren da ke haɗa C# da SQLite, na neman fayil ɗin SQLite.Interop.dll a folda biyu, x86 da x64, kusa da manhajar. Sunansu ɗaya, don haka idan kuka kwafe su wuri guda, na biyu zai danne na farko ba tare da ya ce uffan ba, daga baya ku ga saƙon kuskure na BadImageFormatException. Kuma ba kwamfutar ce ke yanke hukunci ba, yadda manhajar ta tashi ne. Manhajar AnyCPU da aka kunna mata Prefer 32-bit za ta tashi a bit 32 ko da Windows ɗin na bit 64 ne. Ku tambayi Environment.Is64BitProcess, ku rabu da Is64BitOperatingSystem.

Android ce ta fi wahalar da ni. Folda huɗu ce: armeabi-v7a (ARM mai bit 32), arm64-v8a (ARM mai bit 64), x86 da x86_64. Wajen girka manhaja, waya na ɗaukar folda ɗaya ce kacal, wadda ta fi dacewa da ita cikin waɗanda ta tarar, ba ta tsinto wannan daga nan wancan daga can. To ku duba yadda tarkon yake. Laburaren rumbunku yana armeabi-v7a kaɗai, komai na tafiya lafiya, domin wayoyin bit 64 da yawa suna iya gudanar da shi. Ran nan kuka ƙara wani laburaren hotuna da ya zo da nasa arm64-v8a. Waya ta ga foldar, ta ɗauke ta, ta nemi fayil ɗin rumbun ba ta gani ba, sai UnsatisfiedLinkError. Ba ku taɓa layi ɗaya na rumbun ba, amma shi za ku yi ta zargi. Maganin ba wuya: ku buɗe APK, wato kunshin manhajar Android, da unzip -l, ku ƙirga fayilolin .so, wato laburarorin da aka harhaɗa, a kowace folda ƙarƙashin lib, dole adadi da sunaye su zo daidai. Foldar da ba za ku iya cikewa ba, ku cire ta da abiFilters. Amma ban da arm64-v8a, domin tun Agustan 2019 Google Play ke neman kwafin bit 64.

A Mac, tun fitowar M1, furosesar arm64 ta Apple, a 2020, ana haɗa x86_64 da arm64 cikin fayil ɗaya da lipo -create. Gajeriyar hanyar da na taɓa bi, kada ku bi ta: gudanar da configure, wanda ke binciken na'ura kafin harhaɗawa, sau ɗaya sannan a ba kompaila -arch guda biyu. Amsoshin da configure ya tattaro game da na'ura ɗaya ne, ya rubuta su a config.h, ɗaya furosesar kuma ta gaje su ko sun dace da ita ko ba su dace ba. Ku buɗe wa kowacce foldar gini tata, ku harhaɗa daban, ku haɗa daga ƙarshe, ku tabbatar da lipo -info. Shi lipo ba ya karɓar arm64 biyu, don haka kwafin iPhone da na manhajar da ke kwaikwayon iPhone a Mac sai dai a haɗa su a cikin kunshin XCFramework.

Zaɓuɓɓukan harhaɗawa su zauna a fayil ɗaya da duk gine-ginen ke karantawa. Idan SQLITE_ENABLE_FTS5, zaɓin da ke kunna binciken rubutu, ya shiga uku ya tsallake ɗaya, manhaja za ta buɗe lafiya ƙalau, sai ranar da wani ya yi bincike ta ce babu fts5. Ku gudanar da PRAGMA compile_options a kowane kwafi ku gwama sakamakon. Shi kuwa -march=native, kada ya kusanci abin da za ku raba wa jama'a, domin yana sa umarnin da tsohuwar furosesa ba ta sani ba.

Sai fayil ɗin bayanan kansa. Na SQLite yana ƙaura tsakanin furosesoshi ba matsala, tsarinsa a ƙayyade yake. Na LMDB, wani laburaren rumbun bayanai, ba haka ba ne: daga bit 32 zuwa bit 64 sai an sauke da mdb_dump an loda da mdb_load. Kuma ko a SQLite ɗin za ku iya ɓata wa kanku idan kuka zuba struct na C ɗanye cikin BLOB, wato filin ɗanyun bait. Girman long bait 4 ne a Windows mai bit 64, bait 8 a Linux mai bit 64. char yana ɗaukar lamba ƙasa da sifili a x86, a ARM na Linux da Android ba ya ɗauka. Ku yi amfani da int32_t da int64_t, ku rubuta kowane fili da kansa.

Gwaji kuma a kan ainihin na'ura. x86 na yafe sakaci wajen zaruruwan aiki (threads) da ke taɓa ma'adana ɗaya, ARM kuwa tana iya sauya jerin karatu da rubutu, kuma Rosetta 2, mai gudanar da manhajar x86_64 a Mac mai ARM, tana riƙe ɗabi'ar x86 ne, ba za ta tona muku wannan ba. Ku samo waya ko allon ARM na gaske, ku sa zare takwas su yi ta rubutu da karatu na tsawon awa ɗaya, sannan ku gudanar da PRAGMA integrity_check.