Wasan da yake jiran mai shi ya gama tunani

A wani dare na hunturun bara, bayan an ɗauke wuta a unguwarmu da ke Samaru, ɗan ƙanwata ya shigo ɗakina ya tarar da ni zaune gaban tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, ina kallon baƙin allo mai ɗigo-ɗigon taurari, babu abin da ke motsi a kansa. Ya daɗe a tsaye a bayana kafin ya ce, "Kawu, wasan ya maƙale ne?" Na ce masa bai maƙale ba, ni yake jira. Yaron ya saba da wasan ƙwallo na PlayStation da suke bugawa a shagunan gem na bakin titi, inda wanda ya ɗauke ido na daƙiƙa biyu sai dai ya ga ƙwallo a ragarsa, saboda haka maganar wasan da ke jiran mutum ya gama tunani ta zo masa baƙuwa. Tun daga wannan dare nake da niyyar rubuta wani abu a kan irin waɗannan wasanni na kwamfuta da ake mulkin daula a cikin taurari, domin na fi shekara goma sha biyar ina buga su, kuma har yau abokan hirata a kansu a Zariya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Tsarinsu ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ya ga manya suna buga dara. Bi da bi ake yi. Kai za ka tsara duk abin da kake so a zagayenka, ka ba da umarni a gina masana'antu a nan, a tura kumbo can, a aika wa maƙwabci jakada, sa'an nan ka danna maɓalli guda, sai sauran dauloli su ma su yi nasu, lokaci ya matsa gaba da taki ɗaya. Bambancin kawai shi ne filin darar nan gungun taurari ne, 'ya'yan darar kuma duniyoyi ne da al'ummomin da ke zaune a cikinsu.

Nau'in ya girmi yawancin masu buga shi a yau. Tun a 1983 wani kamfani na Ostareliya mai suna SSG ya fitar da Reach for the Stars, wanda ya aza harsashin abin. Amma wasan da ya zama ma'auni shi ne Master of Orion, wanda Steve Barcia da kamfaninsa Simtex suka ƙirƙira, kamfanin MicroProse ya fitar da shi a 1993, shekara biyu bayan wasan Civilization na Sid Meier. A lokacin da wani marubuci, Alan Emrich, yake gabatar da shi a mujallar Computer Gaming World ne ya laƙaba masa sunan da ya bi nau'in duka har yau, wato 4X, saboda kalmomi huɗu na Turanci da kowace take ɗauke da harafin X. Ma'anarsu ita ce ka leƙa abin da ke kewaye da kai, ka faɗaɗa ƙasarka, ka ci moriyar arzikinta, ka murƙushe abokan gaba. Ina da ja a kan wannan suna, domin ya sa mutane suna ɗaukar cewa yaƙi ne ƙarshen komai, alhali a abin da na gani yaƙi shi ne mafi ƙanƙantar aiki a ciki.

Master of Orion na farko yana farawa ne a shekarar 2300, kowane zagaye shekara guda. Za a ba ka duniya ɗaya, da ƙananan kumbunan leƙen asiri guda biyu, da kumbo ɗaya mai ɗauke da mutanen da za su kafa sabon matsuguni. Taswira mafi ƙanƙanta tana da taurari 24, mafi girma tana da 108, kuma da farko ba ka san abin da ke jikin ko ɗaya daga cikinsu ba sai launinsa. Man da ke cikin kumbon matsuguni bai wuce ya kai shi nisan fasek 3 ba, wato kusan tafiyar haske ta shekara 10. A nan waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun yi wa ilimin kimiyya sassauci mai yawa, domin tauraro mafi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haskensa yana ɗaukar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu, kuma kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci irin wannan nisa. Ban taɓa jin haushin wannan sassauci ba, domin ba tafiyar ce zuciyar wasan ba.

Zuciyarsa tana cikin wasu ma'aunai guda biyar da ke gefen allo idan ka danna kowace duniya taka. Duk abin da duniyar ta samar a shekara za ka raba shi ne tsakanin ƙera kumbuna, da gina sansanonin tsaro, da ƙara masana'antu, da tsabtace muhalli, da binciken kimiyya. Idan ka ja ɗaya ya ƙaru, dole wani ya ragu, taura biyu ba ta taunuwa. Masana'antu suna kawo arziki, amma suna zubar da dagwalo, idan kuma ka yi kunnen uwar shegu da dagwalon, duniyar za ta rage yawan mutanen da take iya ɗauka, mutanen nan kuwa su ne masu juya masana'antun. Bincike shi ma ya kasu fanni shida, daga na kwamfuta har zuwa na makamai, kuma a kowane sabon wasa akan ɓoye maka wasu fasahohi, ba za ka taɓa samunsu ta hanyar bincikenka ba sai dai ka saya ta musaya, ko 'yan leƙen asirinka su sato, ko ka ƙwace a fagen fama. Wannan ne ya sa dabarar da ta yi maka aiki jiya ba lallai ta yi maka yau ba. Nakan share minti ashirin a kan zagaye guda ina auna ko in ƙara wa bincike kashi kaɗan, in jinkirta kumbon matsuguni da shekara biyu, kuma a irin wannan aune-aune nake samun daɗin da ban samu a wani wasa ba.

Al'ummomi goma ne a wasan, kowace da halinta. Psilon gwanayen bincike ne, Klackon masu kama da tururuwa sun fi kowa aiki, Darlok 'yan leƙen asiri ne da babu mai yarda da su, 'yan Adam kuma an ba su iya baki da ciniki. Silicoid halittun dutse ne waɗanda dagwalo ba ya damunsu, suna iya zama a duniyar da babu mai iya shaƙar iskarta, sai dai haihuwarsu a hankali take.

Darasin da ya fi zauna mini na koye shi ne da Sakkra, al'umma mai kama da ƙadangaru wadda take hayayyafa da sauri. Ganin mutane suna ƙaruwa ya sa na zuba kusan komai a ƙera kumbunan matsuguni, na yi ta kama duniyoyi ɗaya bayan ɗaya har launina ya mamaye kusan rabin taswirar, ban gina sansanin makamai masu linzami ko ɗaya a kan iyaka ba, domin ina ganin asarar dukiya ce tun da babu wanda ya tsokane ni. Maƙwabtana Bulrathi ne, masu siffar beyar, waɗanda wasan ya ba su fifiko a faɗan ƙasa. Wata shekara kawai sai na ga jerin jiragen dakaru sun nufo duniyata mafi yawan masana'antu a gabas, kuma da na lissafa sai na ga ko na juya dukan ma'aunai zuwa tsaro ba za a gama ginin kafin su sauka ba. Suka ci garin, suka gaji masana'antun, suka kuma kwashi fasahohin da na shafe shekaru ina bincike a kansu, domin a wannan wasa wanda ya ci duniya mai masana'antu yakan samu ilimin masu ita. Da makamaina suka ci duniya ta biyu da ta uku. Kuskuren kuwa ba a shekarar harin na yi shi ba, na yi shi ne zagaye arba'in kafin nan, lokacin da komai yake tafiya daidai.

Bayan 'yan kwanaki na bi ta wajen Ƙofar Doka zuwa cikin birni, idona ya sauka a kan ragowar ganuwa, sai wasan ya faɗo mini a rai. Abin da aka gada a baki game da Sarauniya Amina shi ne duk inda ta yada zango a yaƙe-yaƙenta sai ta sa an kewaye wurin da ganuwa, shi ya sa har yau ake kiran tsofaffin katangun garuruwa da dama ganuwar Amina. Ko da yaushe nakan ɗauki wannan a matsayin labarin jarumtaka, amma ranar na fara kallonsa a matsayin labarin lissafi, domin kowace ganuwa hannaye ne da aka ɗauke daga gona da fagen daga aka sa su kwaɓa ƙasa, kuma wanda ya ba da wannan umarni ya yarda ya rage saurin ci gaba don abin da aka riga aka samu ya tsaya. Ba ina cewa wasan kwamfuta yana koyar da tarihin Zazzau ba ne, amma ya sa na fahimci nauyin shawarar da ke bayan tarin jar ƙasar da nake wucewa tun ina yaro.

Akwai kuma hanyar cin wasan ba tare da an ƙarar da kowa ba, ita ce ta fi burge ni. Idan an zauna a mafi yawan taurarin taswira, sai a kira babbar majalisa, a tsayar da shugabanni biyu da suka fi yawan jama'a, kowace daula ta jefa ƙuri'a gwargwadon yawan mutanenta. Wanda ya samu kashi biyu cikin uku ya zama sarkin taurari duka. Saboda haka ƙaramar daular da ka raina, ka karya mata alkawari shekaru hamsin da suka wuce, tana iya zama ita ce mai riƙe da ƙuri'un da kake nema. Idan aka zaɓi wani ka ƙi amincewa, sauran duka za su haɗe kai su yaƙe ka. Tun da na gane wannan na koma mai kiyaye yarjejeniyar ciniki da aika kyauta ga maƙwabta, kuma mafi yawan wasannin da na ci a zauren majalisa na ci su.

Master of Orion II ya fito a 1996, shi ne mutane da yawa suke ɗauka a matsayin gwarzon nau'in. A cikinsa ana raba jama'ar kowace duniya gida uku, manoma da ma'aikata da masana, kuma duniyar da ba ta noma sai an yi mata jigilar abinci da jiragen dakon kaya, in babu su yunwa ta kama ta. Duk wanda ya ga yadda motocin masara da tumatir suke fita daga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya zuwa kudu ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Na uku da ya zo a 2003 bai samu karɓuwa ba, ni ma ban daɗe a kansa ba, domin ya miƙa yawancin shawarwari ga kwamfuta, ya bar mai wasa yana kallo. Daga baya kamfanin Stardock ya ci gaba da jerin Galactic Civilizations, wanda na biyunsa na 2006 ya yi suna saboda wayon abokan hamayyar da kwamfuta ke juyawa, sa'an nan kamfanin Amplitude na birnin Faris ya kawo Endless Space a 2012 da na biyunsa a 2017, masu kyan zane ƙwarai. Stellaris na kamfanin Paradox na Suwidin, wanda ya fito a 2016, ya fi su shahara yanzu, amma agogonsa tafiya yake yi sai ka tsayar da shi, don haka ba na lissafa shi cikin na bi da bi.

Ina ganin tsofaffin sun fi dacewa da halin da muke ciki. Ba sa buƙatar intanet yayin wasa, ba sa cin data, ba sa neman kwamfuta mai tsada. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna DOSBox tana tayar da na 1993 da na 1996 a kan kusan kowace kwamfuta, shafin GOG yana sayar da su biyun a haɗe, akwai kuma FreeOrion da masu sa kai suka gina wanda ake saukewa kyauta. Idan batir ya kusa ƙarewa sai ka adana, ka rufe, gobe ka tarar da daularka yadda ka bar ta. Idan aka kira salla ka tashi ka tafi masallaci, babu abokin gaba da zai matsa ko taki ɗaya kafin ka dawo. Sai dai akwai haɗari guda da ya kamata in faɗa da gaske: tun da kowane zagaye gajere ne, kuma kullum akwai abin da ya rage shekara biyu ya kammala, zuciya takan yi ta cewa a ƙara ɗaya, har dare ya raba. Na sa wa kaina doka cewa ba na buɗe wasan a daren da zan fita aiki da safe, kuma ina ba duk wanda zai fara shawarar ya yanka wa kansa irin wannan iyaka tun ranar farko.

Ɗan ƙanwar tawa ya dawo bayan mako guda ya ce in nuna masa. Na 1996 yana ba mutum biyu damar yin wasa a kwamfuta ɗaya, wannan ya gama zagayensa ya miƙa wa wancan, saboda haka muka fara tare, shi ya ɗauki Psilon, ni na ɗauki 'yan Adam. Idan nasa ya zo nakan juya baya don kada in ga shirinsa. A zama na uku na ji shiru ya yi yawa, na tambaye shi ko lafiya, sai ya ce, "Kawu, ka ɗan ƙara haƙuri, idan na mayar da manoma biyu wajen bincike abincin ba zai isa ba, ina lissafawa ne." Muna zagaye na tamanin da wani abu yanzu, ya kafa matsugunai biyar, ya kuma gina sansanin tsaro a duniyarsa da ke fuskantar iyakata tun kafin in ce masa komai. Ranar Asabar bayan la'asar za mu ci gaba, kuma zagayen nasa ne.